Gwaji ya ce na iya riƙe zuciya, ga yarona ya bar shago

TelanFagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena ya turo min wani gwaji a waya, wai na auna yadda mutum ya san zuciyarsa da ta jama'a. Na amsa, na ci maki mai yawa, har na nuna wa mai ɗakina. Dariya kawai ta yi. Ana saura kwana biyar Sallah, yarona ya yanka shaddar wani Alhaji ba daidai ba, yadi goma. Na wanke shi tas a gaban masu karɓar ɗinki. Yau kwana tara bai leƙo shago ba, kuma duk cikin yarana babu mai hannunsa a aikin wuya. To gwajin ne ya yi ƙarya ko ni?

MalamarAji:
Wa'alaikumus salam Malam. Ai gwajin nan kai ne ɗalibi, kai ne mai ba da maki. In aka tambaye ka "nakan gane in raina ya fara ɓaci", wa zai ce a'a? Masanan Amurka da suka yi rubutu a kan sanin zuciyar kai da ta jama'a a 1990, Peter Salovey da John Mayer, iyawa suka ɗauke shi, kamar lissafi. Shi ya sa gwajin da suka tsara tare da David Caruso, MSCEIT, yake nuna maka fuskokin mutane, ka faɗi abin da ke ransu. Ni dai na fi yarda da dariyar uwargida. Tambaye ta me takan gani a fuskarka kafin ka fashe.

BabaDattijo:
Ɗana, Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Da ka ajiye almakashi ka zauna a kan benci, da bakinka bai riga hankalinka ba.

ƊanKoyo:
Maigida, ni ma na taɓa barin shago. Faɗa ba komai ba ne, mun saba. A gaban mutanen ne ciwon. Da ka ja shi gefe, ko cewa ka yi ya biya, da gobe da sassafe yana kan keke. Kuma kada ka aika a kira shi, kunya ba za ta bar shi ya zo ba.

TelanFagge:
Na gode. Na tambaye ta, wai shiru nake yi ina ta gyara hula. Bayan isha'i zan je wajen mahaifinsa da kaina. Kuɗin shaddar kuwa na riga na biya Alhaji, ba zan tayar da zancen ba.