Aiki a babban kamfanin ƙera makamai, in karɓa ko in haƙura?

Sabon_Injiniya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar. Na gama digiri na biyu a fannin lantarki nan Amurka, sai ɗaya daga cikin manyan kamfanonin da ke yi wa Pentagon kwangila ya ba ni aiki a ɓangaren rada, na'urar hango jirage da makamai daga nesa. Albashin ba laifi, akwai inshorar lafiya, har kuɗin ƙaro karatu sun ce suna biya. Amma wallahi hankalina ya ƙi kwanciya, ga maganar kiliyarans, wato tantancewar tsaro kafin a bar mutum ya taɓa aikin sirri, da suka ce sai na yi, ni ina da takardar zama ɗan ƙasa amma iyayena da ƙannena duk ba su da ita, ga kuma tunanin inda kayan da hannuna ya taɓa za su je. Sati biyu suka ba ni. Wanda ya taɓa yi ya faɗa min daɗinsa da wuyarsa tsakani da Allah.

Tsohon_Hannu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Shekarata 11 a cikin harkar. Bari in fara da kiliyarans tunda shi ya fi tayar maka da hankali. Akwai fom da ake kira SF-86, ya haura shafi 100, za ka rubuta duk inda ka zauna a shekara 10 da suka wuce, da ƙasashen da ka je a shekara 7, da duk ɗan wata ƙasa da kuke hulɗa sosai, sannan DCSA, hukumar gwamnati mai binciken masu neman kiliyarans, ta bi diddigi. Samun dangi a waje ba shi kaɗai ke sa a hana mutum ba, sai dai yana ja wa abin tsawo, ni nawa ya ɗau watanni ina zaune ina 'yan ƙananan ayyukan da ba na sirri ba. Abin da ke kayar da mutane shi ne ɓoye abu, sai bashin da aka ƙi biya. In kana tura wa su Baba kuɗi duk wata ka faɗa kawai, kar ka bari su gano da kansu.

Daɗinsa kuwa lokacinka naka ne. Awa 40 a sati, wurare da yawa ana tsarin 9/80, wato ka haɗa awa 80 cikin kwana 9 ka huta Juma'a ɗaya duk sati biyu. Kuma aikin sirri ba a zuwa gida da shi, in ka fito ka fito kenan, ba mai kiranka tsakar dare.

Amma fa ka shirya wa ɗakin. Kullum da safe nakan saka wayata da agogon hannuna a loka a bakin ƙofa, in shiga ɗaki marar taga in wuni, in an neme ni daga makarantar yara sai ta lambar tebur. Matata har yau ba ta san takamaiman abin da nake yi ba. Tafiya ƙasar waje ma sai ka sanar da ofishin tsaro kafin ka tashi. Ga jinkiri, gyaran da za ka gama kafin azahar sai ya yi sati uku yana yawo tsakanin masu dubawa da masu sa hannu, kuma kullum sai ka cike awoyinka a kan lambar kwangila saboda gwamnati na bin lissafin. Albashi kam bai kamo na su Google ba, kar wani ya ruɗe ka.

Ummu_Hanan:
Ɗan uwa, ni damuwarka ta biyu ce ta tsaya min, don ita ta fitar da ni bayan shekara 4. A watan Agusta 2018 aka jefa bom kan wata bas a garin Dahyan da ke lardin Sa'ada a Yaman, yara 40 suka rasu, 'yan makaranta ne sun fita yawon buɗe ido. CNN ta ruwaito cewa bom ɗin samfurin MK 82 ne na Lockheed Martin da aka sayar wa Saudiyya. Ba a kamfanin nake ba, aikina ma lissafin zafin da na'ura za ta iya ɗauka ne, amma na ga hoton jakunkunan yaran masu ruwan bula, washegari na zauna gaban kwamfuta na kasa taɓa komai. Injiniya ba shi da ta cewa a kan wanda za a sayar wa kaya, wannan tsakanin gwamnati ne da kamfani. Ban ce waɗanda suka zauna mutanen banza ba ne, na yi aiki da masu kirki sosai. Ka dai tambayi kanka yanzu, don bayan ka ɗau bashin gida kuma kiliyarans ya zama shi ne jarinka, fita tana wuya ƙwarai. Da na je neman wani aiki ko abin da na yi ban iya bayyana musu dalla-dalla ba.

Mai_Tauraro:
Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai kamfanonin nan faɗi gare su. Northrop Grumman da ke ƙera jirgin yaƙi B-21 shi ne ya jagoranci haɗa madubin hangen sararin samaniya na James Webb da aka harba a Disamba 2021. Radar ma iri-iri ce, akwai ta hango makami mai linzami don a kare gari, akwai ta saita hari. Sannan maganar da ake yawan yi wai aikin ba ya girgiza, a yi hattara da ita. A Fabrairu 2024 sojin ƙasa na Amurka suka soke shirin helikwaftan FARA bayan Bell da Sikorsky sun yi shekaru a kansa, haka aka soke shirin sabunta kayan yaƙinsu na Future Combat Systems a 2009. Kuma manyan kamfanonin ƙera makamai da suka kai 51 a shekarun 1990 yanzu sun koma 5, in naka ya sallame ka ƙofofin da za ka ƙwanƙwasa ba su da yawa.

Sabon_Injiniya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya maganarki ta shige ni sosai. Yaya Tsohon_Hannu, ina da damar tambayarsu wane shiri za su sa ni kafin in sa hannu, ko za su ga kamar na cika bincike?

Tsohon_Hannu:
Kana da dama, ba wanda zai ga laifinka. Ka nemi magana da manajan da za ka zauna ƙarƙashinsa, masu ɗaukar ma'aikata galibi ba su san cikin aikin ba. In shirin na sirri ne ba zai faɗi sunansa ba, amma zai iya ce maka na kariya ne ko na kai hari. Ka tambaye shi har zuwa wace shekara aka ware wa kwangilar kuɗi, da ko za ka fara karɓar albashi kafin kiliyarans ya fito, da abin da za su yi da kai in aka hana ka. Ta ƙarshen nan ka ce su rubuto maka ita a imel.