Folda tana buɗewa amma ta ƙi karɓar ajiya: fama da raba fayil tsakanin Windows, Ubuntu da Mac a gida

Abu Safwan, Fadaman Mada

Salamu alaikum 'yan uwa. Wanda ya taɓa shan irin wannan wahalar don Allah ya gaya min yadda ya fita. Kwamfuta uku ne a gidanmu kan wayifai ɗaya: tsohuwar ta tebur mai Windows 10 da ke falo, wadda hotunan iyali da takardun Islamiyyarmu duk suke cikinta, da laftop ɗin uwargida mai Windows 11, sai ta ƙanina da ke karatu a jami'ar ATBU, shi Ubuntu ya sa mata. Na raba folda ɗaya daga ta falon don kowa ya riƙa ɗauka yana ajiyewa, a huta da yawo da filash. Ƙanina yana da nasa asusun a ta falon tun da can, da shi yake shiga, yana ganin komai yana buɗewa, amma da ya zo ajiye wani abu sai ta ce ba shi da izini. Ta uwargida kuwa ko shiga ba ta yi. Kalmar sirri take tambaya, na sa lambobin da nake buɗe kwamfutar da su kullum, ta ce ba su ba ne.

Injiniya Bala, Wunti

Wa alaikumus salam Abu Safwan. Ciwo biyu ne ka kawo, kowanne da maganinsa.

Na ƙaninka tukuna, don shi ya fi kawo mutane shagona. Makulli biyu Windows ke sa wa folda, kamar gida mai zaure: an buɗe maka ƙofar zaure ba shi ne an buɗe maka ɗaki ba. Ka danna foldar da dama ka shiga Properties, za ka ga shafin Sharing da shafin Security. Na farko shi ke faɗin wanda zai shigo daga wata kwamfutar da abin da zai iya yi. Na biyu na faifan ne kansa, wato NTFS, shi ke faɗin wanda zai taɓa fayil ko daga ina ya ɓullo. In suka saɓa, wanda ya fi tsauri ake bi. Kuma in ta Advanced Sharing ka raba, karatu kaɗai take ba mutane sai ka ƙara da hannunka. Ka sa wa asusun ƙaninka alamar Change a can, ka dawo Security ka ba shi Modify. Da yawa ɗaya suke gyarawa su bar ɗayan, su zo min suna rantsuwa wai sun ba da izini.

Na Hajiya kuma, lambobin nan da kake buɗewa da su PIN ne, kuma PIN a kan na'urar da aka yi shi kaɗai yake aiki, ba ya tsallakawa ta wayifai. Abin da take nema kalmar sirrin asusun Microsoft ɗinka ce, wadda na san ka daɗe ba ka rubuta ba. Abin da nake yi wa kwastomomina ya fi sauƙi: ka buɗe sabon asusu na cikin kwamfutar kawai, marar ikon admin, ka sa masa suna kamar gida, ka ba shi kalmar sirri. Shi za ka ba izinin a shafukan nan biyu, kowa ya shiga da shi. Wajen rubuta suna a sa sunan kwamfutar falon, sannan sanda mai karkata baya, sannan gida. Kar ka bar shi ba kalmar sirri, Windows ba ta barin irin wannan asusun ya shigo daga waje.

Maman Ilham, Federal Low-cost

Ni tawa ko kai nan ba ta yi ba, kwamfutocin ne ba sa ganin juna gaba ɗaya. Ina buga jarrabawar ɗalibai a laftop, firinta kuma tana jone da ta maigida. Ɗan yayata ne ya duba ya ga Windows ta ɗauki wayifai ɗin gidan a matsayin Public, kuma a haka ɓoye kanta take yi. Ya mayar Private, suka ga juna. Bayan kwana biyu aka ɗauke wuta, batirin MiFi ya ƙare, da aka kawo sai ga saƙon kuskure mai lamba 0x80070035. Ashe MiFi ɗin ya sake raba lambobin adireshi, lambar da muka ajiye ta koma kan wayar wani yaro. Yanzu ya shiga saitin ya kafe wa ta maigida lamba ɗaya da ba ta canzawa. Ya kuma nuna min wani abu a ciki mai suna AP isolation, ya ce in yana kunne kowa zai samu intanet amma ba mai ganin ɗan uwansa.

Ɗan Gubi

Yaya Abu Safwan, ka ce wa ƙanin namu in wata rana ya juya abin, ya zama Ubuntu ce ke rabawa Windows na ɗauka, ga abin da ke jiransa, don ni na kwana a kai.

Samba ke wannan aikin a Linux, kuma ba ta amfani da kalmar sirrin da kake shiga Ubuntu da ita, tata ma'ajiyar daban ce. Sai ka rubuta sudo smbpasswd -a da sunanka ka ba ta wata, kuma dole sunan ya zama akwai shi a Linux ɗin. In ba ka yi haka ba, ko sau nawa ka sa kalmar da ka tabbata daidai ce za a koro ka. Makulli biyun da Injiniya ya faɗa suna nan ma: read only = no a cikin /etc/samba/smb.conf, da kuma mallakar foldar kanta a kan faifai. Duk lokacin da ka taɓa fayil ɗin saitin ka sa testparm ta duba maka shi.

Inda na fi shan wuya shi ne faifan waje. Ina da wani na 1TB mai NTFS cike da littattafai da bidiyon darussa, na ce bari in raba wa 'yan ɗakinmu. Na yi chmod, umarnin canza izinin fayil, ta wuce ba ƙorafi. Na duba da ls -l, ko harafi ɗaya bai canza ba. Na yi chown, na canza mai fayil, haka. Dalili shi ne yadda aka saba hawa NTFS a Linux, wato haɗa faifan da tsarin don a iya buɗe shi, ba a ajiye irin izinin Linux a kansa, a lokacin hawan ne ake yanke wa faifan gaba ɗaya mai shi. Don haka a /etc/fstab, fayil ɗin da ke faɗin yadda za a hau kowane faifai, gyaran yake, ka sa uid=1000,gid=1000,umask=002, tunda mutumin farko da aka buɗe wa asusu a Ubuntu lambarsa 1000 ce. Kuma kar ka bar shi a /media ƙarƙashin sunanka, wurin kai kaɗai aka buɗe wa, wani ba zai ratsa ba. Ni /srv/gida na mayar da shi.

Ƙari ɗaya ga masu Windows da Ubuntu a kwamfuta guda: in Fast Startup na kunne, kashewar Windows ba cikakkiya ba ce, tana barin faifan a riƙe, sai Linux ta buɗe shi don karatu kawai. Mutum ya yi ta zargin Samba alhali ba ruwanta. A Power Options ake kashe shi. Haka in wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, Linux kan ƙi faifan sai an kai shi Windows an yi masa chkdsk /f.

Ado Railway

Kai jama'a, wannan dogon turanci duk na mene ne? Everyone, Full control, a kashe tambayar kalmar sirri, a Linux a yi chmod 777, a kunna SMB1, tsohon yaren raba fayil ɗin nan, shi ke nan. Shekara da shekaru haka nake, ba abin da ya same ni. Gida ne fa, ba banki ba.

Injiniya Bala, Wunti

Malam Ado, Allah ya ƙara tsarewa, amma mutum nawa ne ke da kalmar sirrin wayifai ɗinka? A unguwanninmu maƙwabci ya roƙa an ba shi, yaro ya ba abokinsa, baƙo ya zo ya haɗa ya tafi da ita a waya. Duk waɗannan suna cikin Everyone ɗinka da zarar ka kashe tambayar kalmar sirri. Ba ma sai mugu ba. Abin da aka goge daga wata kwamfutar ta hanyar folda da aka raba ba ya zuwa Recycle Bin, tafiya yake kai tsaye. An taɓa kawo min kwamfutar wani dattijo, jikansa na neman wurin sa wasa a laftop ya ga folda mai nauyi ya share, bai san ta kakansa ba ce a ɗaya ɗakin. Hotunan aikin hajji ne a ciki. Wasu muka ceto, wasu an riga an rubuta wani abu a kansu.

SMB1 kuwa ta nan cutar kwamfuta WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har asibitocin Ingila. A shekarar ne Microsoft ta fara janye shi daga sababbin Windows 10, Samba ma ta kashe shi daga fitowa ta 4.11 a 2019. Windows 7 ma ba ta buƙatarsa, XP ce ba ta jin wani yare sai shi.

Ado Railway

To ni tsohuwar na'urar fotokwafi ce da ni mai tura sikanin cikin folda, ita ma SMB1 kaɗai ta sani. In jefar?

Injiniya Bala, Wunti

A'a. In tana da ramin filash ka riƙa sikanin a ciki. In babu, ka ware mata tsohuwar kwamfuta guda da folda ɗaya wadda ba komai a ciki sai sikanin, kana kwashewa, ka kashe SMB1 a sauran.

Zee Mai Hoto, GRA

Bari 'yan Mac mu sa baki. Aikina haɗa bidiyon biki, a Mac nake yi, ƙanwata kuma tana gyaran hotuna a Windows. Daga Mac zuwa Windows ba wuya: a Finder ka danna Command da K, ka rubuta smb:// da lambar kwamfutar. Akasin haka ne ya ba ni ciwon kai. Na kunna File Sharing, sunana daidai, kalmar sirri daidai, Windows ta ƙi. Sai da na shiga Options na ga wani ɗan jeri a ƙasa, Windows File Sharing, inda ake sa wa asusu alama a sake rubuta kalmar sirri. Ina yin haka ta shige.

Sai abin da kullum ake ce masa matsalar izini alhali ba ita ba ce. Amarya ta aiko da faifanta a sa mata bidiyo, Mac ta buɗe shi amma ta ƙi ajiye komai. Faifan NTFS ne, Mac karanta shi kawai take yi, ba wani saitin izini da zai sauya haka. Ta cikin kwamfutar ƙanwata nake bi, a jona faifan a can a raba shi, ni in tura ta wayifai, sai ya rubutu lafiya tunda Windows ce ke rubutun. Nawa faifan duk exFAT na yi musu, kowa na karantawa yana rubutawa. Filash mai FAT32 kuma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai 4GB, ko da fili ya yi yawa, kuma bidiyon kamu ɗaya ya wuce haka.

Wani abin dariya, ƙanwata ta taɓa kirana a rikice wai cuta ta shiga foldar, ga wasu ƙananan fayiloli masu fara suna da ɗigo da layin ƙasa, ga wani .DS_Store. Mac ce ke barinsu, ba su da illa.

Malam Usman, Azare

Ku da ke da Windows 11, a kula da sabuntawar 24H2. Faifai na jona a bayan rauta, kowa a gidan yana ɗaukar karatuttukan tafsiri daga ciki ba a tambayar komai. Ranar da laftop ɗina mai Pro ta sabunta sai ta rufe ƙofa, wai dokokin tsaron "organization" ɗina sun hana shigar baƙo marar suna. Ni da iyalina ne fa kawai. Abin da ya faru shi ne daga wannan fitowar Pro ta daina yarda da shiga ba suna ba kalmar sirri, ta kuma wajabta sa hannu kan saƙonnin SMB, abin da shigar baƙo ba ta iya yi. Na ga masu koya yadda ake kashe duka biyun, ban bi su ba. Saitin rautar na shiga na sa wa faifan suna da kalmar sirri, ya dawo aiki. Ta ɗana mai Windows 10 ko a jikinta, shi ya sa da farko muka ɗauka tawa ce ta lalace.

Abu Safwan, Fadaman Mada

Allah ya saka wa kowa da alheri. Injiniya, na buɗe asusun gida, na gyara shafukan biyu, ƙanina yana ajiya yanzu. Ta uwargida kuma sabon zance ta kawo, wai ba a yarda mutum ɗaya ya haɗu da kwamfuta ɗaya da suna fiye da ɗaya ba, har da lamba 1219.

Injiniya Bala, Wunti

Madalla, saura ƙiris. Laftop ɗin Hajiya tana riƙe da wata tsohuwar haɗuwa da ta falon da wani sunan, kuma Windows ba ta haɗa suna biyu zuwa wuri ɗaya a lokaci guda. A rufe duk tagogin folda, a buɗe Command Prompt a rubuta net use * /delete /y. Sannan a shiga Credential Manager, ɓangaren Windows Credentials, a cire duk abin da ke ɗauke da suna ko lambar kwamfutar falon. A kashe a kunna, a shiga da gida, a sa alamar ta tuna.

Tunda ta falon Windows 10 ce, ka sani Microsoft ta tsayar da tallafinta na yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025. Ko ba ka shirya sauya ta yanzu ba, ka samu faifan waje ka riƙa kwafe takardun Islamiyyar da hotunan, in ka gama ka zare shi ka ajiye a durowa, kar ka bar shi a jone.

Ɗan Gubi

Yaya, saƙo ga ƙanin namu. In ya gaji da buɗe foldar ta Files ya ce zai sa ta a fstab ta riƙa hawa da kanta, ya sa manhajar cifs-utils, kuma kar ya manta uid=1000 a layin. In ya bari, root, babban asusun Linux, ne zai mallaki komai a ɓangarensa, ya sake ganin ba shi da izini alhali Windows ta ba shi. Kalmar sirrin gida kuma kar ya rubuta ta a fstab, kowa na iya karanta wannan fayil ɗin. Ya sa ta a wani fayil daban, ya yi masa chmod 600, ya nuna shi da credentials= a layin.