Raunin laka: haɗarin ciwon zuciya da suga ɗaya ne ga mace da namiji?

Maman Hanifa, Tudun Wada:
Assalamu alaikum likitoci da ma'aikatan jinya na wannan zaure. Tambayata kan waɗanda suka ji rauni a laka ne, ko ta haɗarin mota ko faɗowa daga sama, har ƙafafu suka shanye. An ce in shekaru suka ja, ciwon zuciya da suga ne ke kama su. Mace da namiji duk ɗaya ne a nan? Kuma me mai jinya a gida zai riƙa aunawa?

Dakta, Samaru:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tushen matsalar ɗaya ne, amma yadda take zuwa ya bambanta. Tsokar cinya da ta ɗuwawu su ne rumbun da jiki ke zuba suga in an ci abinci. Da laka ta taɓu, tsokar nan za ta motse cikin 'yan watanni, kitse ya maye gurbinta. Sikeli ba ya nuna haka: mutum yana nan a kilo 65 ɗinsa, amma abin da ke cikin kilon ya canza. Shi ya sa ƙa'idar da aka fitar a Amurka a 2018 ta ce mai raunin laka da BMI ɗinsa, wato awon nauyi gwargwadon tsayi, ya kai 22 a ɗauke shi mai ƙiba, alhali a mai lafiya sai ya kai 30.

Namiji kitsensa cikin ciki yake taruwa, kewaye da hanji da hanta, kuma shi ne mugun kitse mai hana insulin, sinadarin da ke sauke suga, aiki. Kitsen jini mai amfani, wato HDL, yakan faɗi ƙasa da 40 tun yana saurayi. Da yawansu sinadarin testosteron ɗinsu ma yana raguwa, abin da ke ƙara cin tsoka, kuma da sassafe ake ɗibar jinin gwajinsa. Mace kuwa, muddin tana haila, sinadarin mata na isturojin yana riƙe mata HDL, kitsenta ya fi zama ƙarƙashin fata a ƙugu da cinya. Sai dai iyakar HDL ɗinta 50 ce, ba 40 ba, kuma takardar sakamako sau da yawa 40 take bugawa ga kowa. Sai a ga 44 a ce lafiya lau. Da ta daina haila kariyar ta tafi, kitse ya koma ciki, ƙashi ya ƙara laushi a kan laushin da rashin tsayuwa ya riga ya jawo. A kuma sani cewa a Amurka kusan huɗu cikin biyar na masu wannan rauni maza ne, don haka akasarin alƙaluman nan a jikin maza aka samo su.

Malam na ɗakin gwaji, Sabon Gari:
Ƙari a kan bayanin Dakta. Kada a dogara da sugan safe kafin karin kumallo kaɗai. A waɗannan marasa lafiya yakan fito ƙasa da 100, sai an ci tuwo ya haura. Gwajin da ke tona asiri shi ne a sha gulukos giram 75 a auna bayan awa 2: daga 140 zuwa 199 an kama hanya, 200 ko sama ciwon suga ne. Gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na watannin baya, yana da sauƙi, amma a ƙasar nan tamu ta sikila da ƙarancin jini yana ruɗi, musamman ga mace mai zubar jini da yawa a haila, don ƙarancin sinadarin ƙarfe yana ɗaga shi. Haka kiriyatinin na gwajin ƙoda: daga tsoka yake fitowa, wanda tsokarsa ta motse zai nuna ƙasa ko da ƙodar ta fara gajiya, mace kuma dama nata ƙasa yake. A gaya wa likita wannan kafin ya rubuta maganin suga na metformin.

Sista, ɗakin haihuwa:
Ranka ya daɗe Dakta, ka yi maganar abin da ke zuwa bayan shekara goma, ka bar wanda ke kisa cikin awa ɗaya, wato hawan jini na farat ɗaya. Wanda rauninsa yake daga ƙashin baya na T6 zuwa sama, wato daidai tsakiyar ƙirji, lambar sama ta awon jininsa takan zauna tsakanin 90 da 110. In wani abu ya takura jikin ta ƙasa inda ba ya ji, jijiyoyin jini su matse, jini ya haura farat ɗaya. Ƙarin 20 zuwa 40 a kan nasa na kullum ya isa, ke nan 140 a wurinsa gaggawa ce. Alamu: kai yana sara kamar ana daka, gumi da jan fuska daga saman raunin, hanci ya toshe, bugun zuciya ya ragu.

Kada a kwantar da shi. A zaunar da shi a miƙe, ƙafafu su sauka ƙasa, a kwance zani ko tazuge da duk abin da ya ɗaure. A fara da robar fitsari, ko ta lanƙwashe ko ta toshe ko jakar ta cika, don nan ne galibi. Sai bayan gida da ya taurare, gyambon kwanciya, farcen da ya shige nama. A riƙa auna jini duk minti 2 zuwa 5. In ya tsaya a 150 ko sama, asibiti, ba jira.

Mace tana da nata ƙofofin: ciwon mara na haila, shayarwa, da uwa uba naƙuda, inda ake ɗaukar wannan hawan jinin a matsayin hawan jinin ciki mai kawo jijjiga. Bambancin, wannan yana hawa ne tare da kowace murɗa ya sauka in ta lafa, kuma allurar kashe zafi ta baya ce ke tare shi. Haila takan ɗauke bayan raunin ta dawo cikin kamar wata shida, ciki yana shiga sarai. Ƙwayar tsarin iyali mai isturojin tana ƙara haɗarin gudan jini a ƙafar da ba ta motsi, allurar wata uku kuma tana cin ƙashi, sai a zauna da likita a zaɓa. Maza kuma, wanda ya sha sildenafil, maganin ƙarfin maza, cikin awa 24 ya faɗa ba kunya, don haɗa shi da maganin naitiret mai sauke jini yana kayar da jini warwas.

Mai gashin ƙashi, Kongo:
Motsa jiki ƙa'idarsa ɗaya ga kowa: minti 30, sau 3 a mako, har numfashi ya ɗaga, sai ɗaga nauyi sau 2. Tura keke a tsakar gida, jan robar tayar keke da aka ɗaure a ƙyaure, robar ruwa mai lita ɗaya da rabi cike da yashi. Mace ta fara ƙarfafa kafaɗa tukuna, don tsokar hannunta ba ta kai ta namiji ba, kafaɗa kuma in ta lalace komai ya tsaya. Mai raunin wuya bugun zuciyarsa da wuya ya wuce 120 zuwa 130, kada a auna ƙoƙarinsa da shi. A zafin Maris da Afrilu a yi da asuba da jiƙaƙƙen tawul a wuya, tunda ƙasan raunin ba ya gumi. Malmalar tuwo a rage ta, a bar wake, ƙwai da miyar zogale, lemon kwalba da 'yan dubiya ke kawowa kuma a ba yara.