Giwayen da ake yawon wasan sirk da su: wace doka ce ke kansu idan sun shigo Saudiyya?

Maman Hafsa, Jidda:

Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka buɗe harkar nishaɗi a ƙasar nan, masu wasan sirk (wasan nuna bajintar mutane da dabbobi a cikin babban tanti) na waje suna ta shigowa, kuma har yanzu a duniya akwai masu yawo da giwaye gari-gari. Tambayata biyu ce. Idan aka sauke giwa a tashar jirgin ruwa ta Jidda domin wasa, wace doka ce ke kanta? Sannan mai kallo da ba likita ba, da me zai gane tana shan wahala? Allah Ya saka da alheri.

Likitan Dabbobi, Riyad:

Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in ɗauki ta biyun. Ki fara duba ƙafa, don nan ne ajalin da yawa daga giwayen da ke hannun mutane yake farawa. Giwar Asiya, wadda aka fi sa wa wasa, tana kai tan 3 ko fiye, kuma nauyin nan duka yana kan tafin ƙafa da farata waɗanda kullum girma suke yi. A daji tafiya ce ke goge su. A kan siminti ko cikin tirela kuwa, tana tsaye cikin fitsarinta da kashinta, sai tafin ya jiƙe ya yi laushi, farce ya tsage, ƙwayar cuta ta shiga, maruru ya fito a gindin farce. In ya ci har ƙashin yatsa, da wuya ya warke. Maganin abin shi ne a wanke ƙafar a duba ta kullum, a riƙa gyara farce da magagari, a kuma zuba mata yashi mai zurfi inda za ta tsaya ta kwanta. Mai tashi daga gari zuwa gari kowane mako ba ya iya wannan.

Sai zafi. Giwa kusan ba ta gumi. Da kaɗa kunne da wanka da shafa taɓo take sanyaya jikinta. Tana shan ruwa lita 100 zuwa 200 a rana, tana cin abinci har kilo 150, kuma a daji takan kwashe kusan awa 16 tana kiwo. Ki auna wannan da akwatin ƙarfe a bazarar Riyad, lokacin da zafi ke haura digiri 45.

Abin da idonki zai iya gani daga kujera: giwa tana ta rausaya kai hagu da dama ba tsayawa. Yara za su ce rawa take, alhali ciwon takura ne, giwar daji ba ta yin haka. Ki duba bayan kunne, ƙarƙashin haɓa da bayan ƙafafu, wuraren da fata ba ta da kauri, nan ake caka sandar ƙugiya. Ki duba zoben tabo a idon sawu, domin akan ɗaure ƙafar gaba ɗaya da ta baya ta ɗaya gefen da sarƙa, ta yadda taku ɗaya gaba ɗaya baya ne iyakarta. Kuma don Allah kada a ɗora yara a bayanta ko su taɓa hancinta: tarin fuka yana tafiya tsakanin giwa da mutum, kuma giwa takan ɗauke shi shekaru ba ta nuna alama ba.

Abu Usman, Jidda:

Likita ya gama da jiki, ga na takarda. Saudiyya ta shiga CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji da ke fuskantar ƙarewa, a 1996, kuma Cibiyar Kula da Namun Daji ta Ƙasa ce ke ba da tasrihi. Giwar Asiya tana rukuni na ɗaya na yarjejeniyar tun 1975, wato haramun ne a kamo ta daga daji a yi cinikinta tsakanin ƙasashe. Amma yarjejeniyar ta bar wa masu sirk ƙofa: takardar nunin yawo, mai aiki har shekara 3, wadda ake bai wa dabbar da aka haifa a hannun mutane ko aka mallaka tun kafin dokar ta hau kanta. Nan ake maguɗi. A kamo ɗan giwa a daji, a rubuta shi a matsayin haifaffen gida. Shi ya sa jami'i mai lura ba ya tsayawa kan takarda, sai ya karanta ƙaramar na'urar shaida da ke ƙarƙashin fata, ya gwada shekarun da aka rubuta da girman dabbar.

CITES ba ruwanta da yadda giwa ke kwana a bayan tanti, iyakarta tsallaka iyaka da yanayin jigila. Wannan aikin Dokar Tausaya wa Dabbobi ta ƙasashen Khalij ne, wadda Saudiyya ta amince da ita a 2013. Ta wajabta wa mai dabba ci da sha da matsuguni da magani, ta hana ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, kuma ba a nuna dabbobi don neman kuɗi sai da izini. A ganina dokar tana da kyau, sai dai sirk ɗin mako biyu ya naɗe tantinsa kafin bincike ya kai ko'ina. Ƙasashen da suka ga haka hana wasan sirk da namun daji suka yi gaba ɗaya: Bolibiya a 2009, Ingila daga Janairun 2020, Faransa kuma ta yi doka a 2021 da za ta kammala aiki a 2028. Babban kamfanin sirk Ringling na Amurka da kansa ya sallami giwayensa a 2016.

Malam Na Makka:

Allah Ya ƙara sani. Ina ƙara abu ɗaya kan haƙƙi. A kotun ƙoli ta jihar New York, a Yunin 2022, alƙalai 5 cikin 7 sun ce giwa mai suna Happy ba mutum ba ce, don haka ba za a nema mata sakin da ake nema wa ɗan kurkuku ba. A Islamabad kuwa, a 2020, Mai Shari'a Athar Minallah ya ce dabba tana da haƙƙi, ya kafa hujja har da Alƙur'ani da hadisi, aka ɗauke giwa mai suna Kaavan daga gidan namun dajin birnin zuwa Kambodiya a ƙarshen shekarar. Mu ba sai mun kira giwa mutum ba. A fiƙihunmu ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita, in ya ƙi alƙali ya tilasta masa ko ya sa ya sayar. Annabi (SAW) ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ya tsawata wa mai raƙumin da ke yunwatar da shi yana gajiyar da shi, ya kuma hana dukan dabba a fuska. Ƙugiya a haɓar giwa domin ta tsaya da ƙafa biyu ba buƙatar noma ba ce, ba ta sufuri ba.

Maman Hafsa, Jidda:

Na gode ƙwarai. To in mutum ya ga irin alamun nan, ina zai kai ƙara?

Abu Usman, Jidda:

Hajiya, ki kira 939, layin Ma'aikatar Muhalli da Ruwa da Noma. Ki ba da sunan wurin, rana da lokaci. Bidiyon minti ɗaya da ke nuna rausayar ko ɗingishi ya fi hoto amfani, kuma ki ɗauka daga inda aka yarda 'yan kallo su tsaya. Ki karɓi lambar ƙorafin, ki kuma kira a ranar farko ta wasan, tun suna gari.