Wai za a riƙa biyan mu kuɗin iskar bishiya, mu sa hannu?

Ɗan Gumel: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ranar Asabar wasu baƙi suka zo ƙauyenmu, aka tara mu a ƙofar gidan dagaci. Sun ce duk wanda ya bar bishiyoyin gonarsa, ya ƙara dasa wasu, za su riƙa ba shi kuɗi duk shekara, wai kuɗin kabon. Sharaɗin shi ne yarjejeniyar shekara 30. Takardar shafi 9 ce, duk da Turanci, kuma sun ƙi barin ta kwana a hannunmu. Gonarmu ta gado ce, mu bakwai ne, akwai gawo 11 da kuka 2 a ciki. Baffanmu ya ce mu dangwala kawai tunda ba a ce mu kawo ko sisi ba. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Wa ke sayen iska, kuma me zai yi da ita?

Malam Injiniya: Wa alaikumus salam. Cinikin gaskiya ne akwai shi, ba tatsuniya ba ce. Bayan yarjejeniyar Paris ta 2015 kan sauyin yanayi, ƙasashe da manyan kamfanoni sun ɗauki alkawarin daidaita hayaƙin da suke fitarwa da wanda ake zuƙewa, har lissafin ya koma sifili. Ingila da Tarayyar Turai sun sa wa'adin shekarar 2050, China 2060, mu ma Buhari ya ce 2060 a taron Glasgow na 2021. To kamfanin jiragen sama ko na mai da ya kasa rage nasa hayaƙin sai ya biya wani ya zuƙe masa. Bishiya tana shan wannan iskar, wato kabon, tana adana ta a jikinta. Kowane tan ɗaya ana yi masa takardar shaida a sayar. Baƙin naku dillalai ne, tsakaninku da masu saye. Tambaye su: nawa suke sayar da tan ɗaya, kashi nawa ne naku, wace hukuma ce ta yi wa shirin rajista, kuma wa zai zo ya auna?

Maman Khalifa: Ƙanena, ni ban san kabon ba amma na san gado. Mutum bakwai, har da mata ko? Kada wanda ya sa hannu a madadin wani. Shekara 30 fa, wasunku sai dai 'ya'yansu su ga ƙarshenta. Wanda ya hana ka kwana da takarda akwai abin da ba ya so a karanto maka.

Abu Maryam: Wallahi damfara ce, ku kore su.

Malam Injiniya: Abu Maryam, a yi adalci, akwai masu yi tsakani da Allah. Sai dai harkar tana da ƙura. A farkon 2023 jaridar Guardian ta Ingila ta buga binciken da ya ce mafi yawan takardun kare dazuzzuka da aka duba ba su rage hayaƙin da aka yi iƙirari ba. Ni ma abin da ke damuna ke nan, mai gurɓatawa ya ci gaba da ƙona mai, ya ce manomin Jigawa ya share masa.

Na Maraɗi: Ɗan uwa, mu nan mun riga su. Tun wajen 1983, lokacin Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya, iyayenmu suka fara sassabin zamani: idan kututture ya yi toho ba a sare shi duka, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a rage sauran. Da haka aka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram, ba wanda ya biya mu. Gawon nan naka da damina yake zubar da ganye, gero ya sha rana ya sha taki a gindinsa, da rani kuma awaki su ci 'ya'yansa. Abin da zan ce ka duba a takardar shi ne sassabe. Idan ta hana ka rage reshe don itacen girki ko ciyar da dabba, ko ta ce in fari ya kashe bishiya kai za ka biya, kuɗin nasu ba zai kai asarar ba.

Barista: Ka ɗauki hoton kowane shafi da waya. A nemi inda aka ambaci mallakar ƙasa, hanyar fita daga yarjejeniyar, da ko za su iya sayar da ita ga wani kamfanin ba da saninku ba. Ku nemi a fassara ta da Hausa, kuma ku tafi a ƙungiyance, ba ɗaiɗai ba.

Ɗan Gumel: Allah ya saka da alheri. Na kira yayarmu da ke aure a Haɗeja, ta ce kada a taɓa mata kasonta sai ta zo. Baffa ya ɗan yi fushi, amma dagaci ya yarda zai ce su bar kwafi idan sun dawo ranar Laraba. Barista, in na samu hoton in turo maka ta akwatin sirri?

Barista: Turo, amma ka tabbata shafin ƙarshe ya fito sosai, har da ƙananan rubutun ƙasa.