Dan Allah wane littafin Hausa zan fara saya ma yara, kuma ina ake samu?

Mai tambaya, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan an tashi lafiya. Shawara nake nema dan Allah. Yarana biyu suna lekol, wato makarantar boko, babbar tana CM1 (aji biyar na firamare) ƙaramin yana CE1 (aji uku), faransanci ba laifi suna karantawa, in sun fita waje kuma fulatanci ne da abokansu kamar kowane yaro a Garwa, hausa sai cikin gida kawai. Abin da ke damuna ba wanda ya iya karanta hausa a cikinsu, ko saƙo kakarsu ta sa aka rubuto a waya sai sun kawo min. Ni kuwa da Magana Jari Ce na tashi, babanmu ya zo da shi daga Kano, bayan isha'i yayanmu ke karanta mana muna zagaye da fitila har barci ya kwashe mu, wallahi ina son su ma su ɗanɗani wannan daɗin. Na zaga kasuwa, littattafan lekol da na addini kawai nake gani. Da wanne zan fara, kuma ta ina zan samu?

Malamin lekol, Ngaundare:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin maganar saye, ki fara gyara masu baƙaƙen, dan yaron da ya koyi karatu da faransanci in ya ga "ciki" zai ce siki ne ko kiki. Abu kaɗan ne ke rikita su: c ɗinmu shi ne tch nasu, sh shi ne ch, u shi ne ou, j kuma dj. Sai ts da ƙ da za ki nuna masu da baki. ɓ da ɗ ba za su wahalar da su ba tunda akwai su a fulatanci, kunnensu ya saba. Ki rubuta sunayen mutanen gida da na abinci a allo ko kaye, wato littafin rubutu, su riƙa karantawa, in sha Allahu ba za ki daɗe ba za ki ga sun kama. Amma ni a ganina kar ki fara da Magana Jari Ce, hausarsa ta yi ma ɗan CE1 nauyi, Abubakar Imam ya rubuta shi tun wajen 1937 kuma cike yake da karin magana da kalmomin fada.

Wata 'yar uwa, Marwa:
Malam ka yi haƙuri amma nan ban yarda da kai ba gaskiya. Mu wa ya fassara mana karin maganar lokacin da muke yara? Ji muka yi ta yi har muka gane. Ai ba cewa aka yi a miƙa ma yaro littafin a tafi a bar shi ba, ita za ta karanta su saurara, yadda akun nan na cikin littafin yake riƙe Musa ɗan sarki da labari kada ya fita ya bi mahaifinsa yaƙi haka zai riƙe su, kullum labari ɗaya a tsaya, gobe su da kansu za su ɗauko littafin. Kuma kashi uku ne, ta fara da na ɗaya. Ni nawa sun fi son Ruwan Bagaja ma, saboda Malam Zurƙe da Alhaji Imam da irin ramuwar da suke yi ma juna, dariya har da hawaye, kuma gajere ne ba ya gundura.

Malamin lekol, Ngaundare:
In dai ita za ta karanta masu to na yarda Hajiya, ni wanda yaro zai riƙe da hannunsa nake nufi. Wannan kuwa Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya ya fi dacewa, jimlolin gajeru ne kuma labaran yaro ya riga ya san irinsu.

Wata dattijuwa, Injamena:
'Yata Allah ya yi maki albarka da kika tuna da wannan. Ni dai abin da zan ce, kakarsu tana raye ko? To kar ki jira littafi ya iso. Mu ba takarda muka gani ba, ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta, a shiga Gizo da Ƙoƙi da Botorami, da na 'yar bora da 'yar mowa, har a kai ƙurunƙus. Ki kira ta ta yi masu tatsuniya ki ɗauki muryar a waya, sannan ke ki zauna ki rubuta a kaye da manyan baƙaƙe, babbar ta karanta ma ƙanenta. Labarin da yaro ya ji daga bakin kakarsa ba ya tsoron ganinsa a rubuce. Kuma waƙoƙin da ke cikin tatsuniyar ki rubuta su har da amshi, su ne suke fara ɓacewa, ni kaina akwai waɗanda ƙannena suka manta sai ni kaɗai na rage da su.

Wani ɗan kasuwa, Garwa:
Maganar samu, gaskiya nan wuya ne, saƙo ake bayarwa. Masu zuwa Kano sarin kaya su ne hanya, a Sabon Gari akwai masu sayar da littattafan hausa da yawa, wani lokaci a Yola ma ana dacewa. Ki rubuta ma mutum sunan littafi da na marubuci a takarda, in ba haka ba littafin soyayya zai ɗauko maki ya ce ai duk hausa ne. In Magana Jari Ce ne ko Ruwan Bagaja ki ce a duba bugun kamfanin buga littattafai na NNPC na Zariya, kuma a buɗe a ga shafuka sun cika dan akwai na hoto da ake haɗawa, rubutun ya dushe wani wurin ma an tsallake shafi. In ya iso a yi masa bango da leda a ajiye sama saboda gara da damina.

Mai tambaya, Garwa:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Mama kakarsu tana nan da ranta a Marwa, yau da dare zan kira ta. Alhaji in akwai mai tafiya Kano cikin watan nan dan Allah ka sanar da ni, Magana Jari Ce na ɗaya da Ruwan Bagaja da na tatsuniyoyin nake so, sai in ba da kuɗin da sefa a canza can.

Wata 'yar uwa, Marwa:
Alhaji a haɗa da ni, Iliya Ɗan Maiƙarfi nake nema tun bara, in an samu guda biyu ma ina so ɗaya na ɗan ƙanwata ne.