Ɗakin wasan haske na yara a Jos: wa da wa zan nema?

Maman Ikram:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar wuta da majigi, musamman mutanen Jos. So nake in shirya wa yaran makarantarmu da iyayensu ɗakin wasan haske a hutun ƙarshen shekara, irin wanda hasken yake biye wa yaro: ya taka ƙasa ta kama, ya ɗaga hannu launi ya sauya. Ba fitilun adon ɗakin biki nake nufi ba, waɗanda ake ratayawa a hana yara taɓawa. Ni wanda za a taɓa nake so.

Da muka je Umara ne ƙanin maigidana da ke zaune a Jidda ya kai mu gidan wasan haske na teamLab Borderless, wanda aka buɗe a tsohon gari a 2024. 'Yan Japan ne suka yi shi, ƙungiyarsu tun 2001 take aiki. Ɗakunan da yawa, amma wanda ya tsaya min a rai shi ne inda ake ba yaro takarda mai zanen wata halitta ya shafe ta da launi, ma'aikaci ya sa ta a sikana, kafin ka ce kwabo zanen ya fito cikin haske yana yawo tare da na sauran yara. Ikram ta cika nata da ɗige-ɗigen kore, ta rubuta sunanta a karkace a ciki, ta yi ta binsa da gudu tana nuna wa mutanen da ba su san yarenta ba. Babanta, wanda ko hoto sai an roƙe shi, sai ga shi ya karɓi takarda ya zauna a kujerar yara.

Na san ƙarfina, daidai ruwa daidai tsaki. Abin da muke da shi a Anguwan Rogo shi ne zauren taro guda mai tagogin gilashi, bango ɗaya fari wanda damina ta ɗan ɓata, ƙaramin janareto, da majigin da muke nuna wa 'yan aji shida darasi da shi. Kuɗin kuwa na ƙungiyar iyaye da malamai ne, kowace naira sai na yi bayaninta a taro.

Abin da ya sanyaya min jiki shi ne da na duba su waye suke irin wannan aiki: masu zane, masu rubuta manhaja, injiniyoyi, masu zanen gine-gine, har da masana lissafi. To ni wa da wa zan nema a nan? Da me ake farawa? Kuma wane haɗari ne ban hango ba?

Ɗan Gangare Mai Sola:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni wayarin da sola nake yi, a nan zan tsaya.

Duk abin da hannun yaro zai kai gare shi, kada ya wuce bolt 5 ko 12. Wutar soket 230 ce, ita da adaftoci a ɗaga su sama ko a kulle a akwatin katako bayan labule. Kar ki yarda wani ya shimfiɗa miki wayar janareto a ƙasa ya rufe da tabarma, wai ai na dare ɗaya ne. Yara ba sa tafiya, tsalle suke yi.

Fitilun da ke sauya launi ɗaya bayan ɗaya, igiyar LED ce, ki ce a ba ki WS2812B. Kowane ƙwai umarninsa daban, ana sarrafa su da ɗan ƙaramin allo da ake kira ESP32, akwai manhaja kyauta, WLED, da ake sa masa, daga wayarki ma za ki canza launi. A haɗa masa na'urar gane motsi irin ta fitilar tsakar gida, yaro ya gifta haske ya kama. Amma ga lissafin da masu sayarwa ba sa faɗa: igiya mai ƙwai 60 a mita, in kin kunna fari gaba ɗaya tana jan kusan wat 18 a kowace mita. Mita 5 kenan wat 90, amfiya 18 a bolt 5. Wannan ba aikin cajar waya ba ne. In waya ta yi siriri za ta yi zafi, kuma ƙarshen igiyar zai koma ja-ja saboda wuta ta rage a hanya, sai an ƙara shigar da wuta ta ɗaya bakin. A sa fiyus. A rage hasken zuwa rabi, a ɗaki mai duhu ya isa har ya yi yawa.

Ki nemi aron inbata da batir. Ƙarar janareto za ta kashe armashin ɗakin, kuma in ya shaƙe ya mutu, kin tara yara a duhu ƙirin. Ko da batir ɗin ma, a bar fitila mai caji a kunne a bakin kowace ƙofa.

Baba Tsohon Hedimasta:

'Yata, Allah ya yi albarka. Amma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuɗin iyaye ne, wasunsu na zango ma da ƙyar suke biya, za su tambaye ki me yaro ya ƙaru da shi. Ki tanadi amsa. Sannan a cikinsu akwai waɗanda ba za su so a cika bango da zanen masu rai ba, kada ki ce ai a Saudiyya kika gani, wannan ba hujja ba ce wurin kowa. Ki ɗauki malamin zanenku ku je gidan tarihi, ɓangaren gine-ginen gargajiya, inda aka gina kwatankwacin Masallacin Juma'a na Zariya da ganuwar Kano da fadar Katsina. Zanen da ke jikin gine-ginen Hausa kaɗai ya ishe ku, ga dagi, ga zanen hula, ga na lalle. Ba wanda zai yi miki gardama a kansu. Kuma a tashi da wuri, kin san garinmu, ba mai son dare ya yi masa da yara a hanya, balle cikin sanyin Disamba.

Hauwa 'Yar Fim:

Anti, ni a makarantar koyon fim ta nan Jos na yi karatu, haske da kyamara ne fannina. Ki cire zancen zanen da ke yawo a bango a wannan karon. Yana buƙatar mai rubuta manhaja, kwamfuta mai ƙarfi, da majigin da ya fi na aji haske nesa ba kusa ba. Rana ɗaya abu ya maƙale, yara sun yi layi da takardunsu, ba ki da abin ce musu.

Ki fara da inuwa mai launi. Ƙwai uku kawai: ja, kore, shuɗi, masu haska gaba guda. A jera su a ƙasa da 'yar tazara tsakaninsu, duk suna kallon farin bangon. In sun haɗu bangon zai yi kusan fari. Yaro na shiga tsakani sai inuwarsa ta rabu uku. Inda jikinsa ya tare ja, kore da shuɗi ne suka isa wurin, sai ya ba da ruwan sararin samaniya. Inda ya tare kore ya ba da ruwan hoda mai ƙarfi, inda ya tare shuɗi ya ba da rawaya. In ya matso kusa da fitilun ya zama ƙato, in ya matsa bango ya koma daidai shi. Ba kwamfuta, ba abin da zai lalace sai ƙwai. Kar ki raina shi, Olafur Eliasson, wanda duniya ta san shi a wannan fage, yana da aiki na 2010 da ba komai ba ne face fitilu masu launi a ƙasa da farin bango, kuma manya ne suke rawa a gabansa. Ga kuma amsar da Baba ya ce ki tanada: darasin haɗuwar launukan haske ne, wanda malamin kimiyya yake fama ya zana a allo da farin alli.

Na biyu, in kuɗi ya kai, matakai masu kamawa. Wata Ba'amurkiya, Jen Lewin, ta yi wani aiki mai suna The Pool, fayafai ne zagayayyu a ƙasa, ka taka ya kama da launi, an kai shi birane da yawa. Naku zai iya zama 'yan kaɗan a jere kamar gidajen 'yar gala-gala, yara sun riga sun san dokar wasan, ba sai an yi musu bayani ba. Majigin kuma a ba shi aikin zane-zanen da Baba ya faɗa, yara su zana a takarda tun kafin hutu, a ɗauka da waya, a riƙa haska su a ɗaya bangon da sunan kowa a ƙasa.

Mutanen da za ki nema ba su kai na Japan yawa ba. Mai wuta ɗaya, irin Ɗan Gangare. Kafinta, ki sayi katakonki da kanki a Kasuwar Katako, shi zai yi matakan da akwatunan da za su kare fitilu daga ƙafa. Tela, don duhu shi ne rabin aikin, tagogin nan sai an rufe su da baƙin yadi ninki biyu, in ya so a yi wasan da la'asar a tashi kafin magariba. Ɗalibin kwamfuta daga Jami'ar Jos saboda allon ESP32 ɗin nan, da sharaɗin yana wurin ranar, ba ya haɗa ya tafi hutu ba. Sai mutum ɗaya mai yanke hukuncin yadda ɗakin zai kasance, in ba haka ba kowa zai ƙara nasa launin har ɗakin ya rikice.

Amma wadda ta fi duka muhimmanci ita ce malamar 'yan nazare. Ku masu tsayi a tsaye kuke gwada abu. Ita ta san tsawon ɗan shekara huɗu, ta san wanda zai leƙa cikin ƙwai, da wanda zai ja waya, da wadda za ta fashe da kuka da zarar an rufe labule. A sa ta tun ranar farko, maganarta ta hau kan ta injiniya. Sannan a kawo aji ɗaya su gwada kafin ranar, a tsaya gefe a yi shiru. Duk abin da suka ɓalle, shi za a sake.

Nas Ladi:

Maman Ikram sannu da ƙoƙari. Abu ɗaya zan ƙara, ban da walƙiya. Hasken da ke ƙiftawa da sauri yana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya da ciwonsu, wani ma ba a san yana da ita ba sai ranar. A Japan a Disamban 1997, wani katun na talabijin mai walƙiyar ja da shuɗi ya kai yara sama da 600 asibiti. Ƙa'idar da ake bi ita ce kada ya wuce ƙiftawa uku a daƙiƙa, ni dai na ce a bar launi ya riƙa sauyawa a hankali kawai. Manhajojin nan suna zuwa da salon disko a ciki, samari kuma shi suke so, ki tsaya a goge shi a gabanki. Ban da leza gaba ɗaya, tana lahanta ido. A sanar da iyaye tun a takardar gayyata. Kuma kada a toshe ɗaki ruf saboda neman duhu, hunturu ne, ga ƙura ga masu asma. A riƙa shiga rukuni-rukuni ana buɗe ƙofa a tsakani.

Maman Ikram:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na ji, kuma zan kai maganar taron iyaye kafin in taɓa ko sisi. Zanen gine-ginen ya kwanta min, dama malamin zanenmu ya daɗe yana ƙorafin ba a ba shi aiki sai rubuta allon sanarwa.

Hauwa, jiya da daddare na gwada a falo da tocila uku, na rufe bakinsu da ledojin alewa masu launi. Ja da shuɗi sun fito, koren ya yi rauni, inuwar ba ta rabu sosai ba, amma ko a hakan sai da na ƙwace tocilan kafin yara su kwanta. Mai aikinmu ma ta ajiye wanke-wanke ta zo tana karkaɗa ludayi a gaban bango. Matakan zan bar su sai na ga abin da taro ya amince da shi. Malamar nazare ta ce ta yarda, da sharaɗin za a ware lokacin ƙanana daban, don 'yan aji shida za su tattake su. Ta kuma ce iyaye mata masu goyo a sa musu benci ta gefen ƙofa.

Ɗan Gangare, ƙwan guda uku wat nawa zan nema ga bango mai faɗin kusan mita shida, kuma akwai masu bolt 12, tunda a ƙasa za su zauna?

Ɗan Gangare Mai Sola:

Akwai Hajiya, ki ce fitilar haska fili ta LED mai bolt 12, wat 10 kowace ta isa in duhu ya yi. Ki tabbata kowace launinta ɗaya tak, kuma a gwada miki ita a shago kafin ki biya. Koren ya kan fi sauran ƙarfi a ido, in ya rinjaye su sai a ja shi baya kaɗan. A fara yi wa bangon fenti, tabon damina zai fito fili da zarar haske ya hau shi.